Kamfanin da ya sa mana heat pump a jihar Maryland ta Amurka, taurari 3 na ba su

Jama'a gsky aikin nasu ba laifi, sun zo sun cire tsohuwar hita suka kafa heat pump (injin lantarki mai ɗumama gida da sanyaya shi), har tarkacen da suka zubar a ƙofar gareji sai da suka share, injin ma ba ya ƙara ko kaɗan. Inda suka ɓata min rai shi ne maganar rangwamen haraji, mai tallan nasu ya yi ta cika baki wai gwamnatin Amurka za ta mayar mana da kashi 30 na kuɗin, bai faɗa mana cewa na heat pump iyakarsa dala 2,000 ne a shekara ba, kuma ba kuɗi IRS, hukumar harajin Amurka, za ta damƙa maka a hannu ba, daga harajin da ake binka za a cire, in harajinka bai kai ba shikenan ragowar ta tafi.

Sannan fom 5695 na 2025, wanda ake cikewa don neman rangwamen, yana son lambar kamfanin da ya ƙera injin, wlh sai da na yi ta buga musu waya kafin su turo.

Yanzu dai rangwamen ya ƙare tun 31 ga Disamba 2025, kada wani ɗan talla ya ruɗe ku da shi.