Splinter Cell uku a jere: Chaos Theory har yanzu shi ne gaba

Wanda ya saba da wasannin harbi, in ya ɗauki Splinter Cell: Chaos Theory na 2005, bindiga ce za ta fara ba shi haushi. Saitinta rawa yake yi, in kuma ka yi harbi kana tafiya, harsashi inda ya ga dama yake zuwa. Ni kuwa wannan raunin ne ya sa na fifita shi a kan Conviction da Blacklist bayan na buga su ɗaya bayan ɗaya a kwamfuta.

A Chaos Theory duhu ne makamin Sam Fisher, ɗan leƙen asirin da kake sarrafawa. Ma'auni biyu ne a allo: ɗaya na nuna hasken da ke kanka, ɗaya na auna ƙarar takunka da hayaniyar wurin da kake. In inji na ruri kusa, sai ka ƙara sauri ba mai ji. In wuri ya yi tsit, sai sanɗa. A aikin bankin Panama nake ganin gwanintar wasan ta cika. Akwai wata na'ura, OCP, a jikin ƙaramar bindigarsa; ka saita ta kan ƙwan fitila, ya mutu na 'yan daƙiƙu ba tare da ya fashe ba. Mai gadi ya tsaya yana ɗaga kai, kai kuma ka sulale ta bayansa, gabanka na faɗuwa don ka san fitilar na dab da dawowa. In ka ga dama ka cafke shi, wuƙa a wuya, ka tatsi bayani, muryar Michael Ironside, mai magana da bakin Sam, tana zolayarsa cikin sanyi. Ko an kaɗa ƙararrawa wasan ba ya korarka. Masu gadi ne za su sa sulke da hular kwano, aikin ya ƙara tsauri, kai ka jawo wa kanka.

Conviction na 2010 ya juya abin gaba ɗaya. Sam ya fusata, yana neman wanda ya kashe 'yarsa Sarah, faɗan ma ya bi fushin. Ka doke mutum ɗaya da hannu, sai ka sami damar Mark and Execute: ka sa wa abokan gaba alama, ka danna maɓalli ɗaya, duk su zube. Farkon gani abin burgewa ne, wallahi. Dabarar farin zanen jikinka da ke tsayawa a inda aka gan ka na ƙarshe ma ta yi kyau, domin tana ba ka damar zagayowa ta bayansu. Amma an cire ɗaukar gawa a ɓoye ta, an cire ma'aunin haske, allo kawai yake komawa baƙi da fari in kana laɓe. Matakin Iraƙi kuwa harbi ne zalla da rana tsaka. Nan raina ya ɓaci, don ba shi na zo nema ba.

Blacklist na 2013, aikin Ubisoft Toronto, sulhu ya zo yi. Yana ba ka maki kan salo uku: Ghost ga mai wucewa ba kisa ba a gan shi ba, Panther ga mai kisa a ɓoye, Assault ga mai fito-na-fito. Motsin Sam a nan ya fi na kowanne santsi, ɗaukar gawa ta dawo, karnuka na shinshino ka, masu sulke kuma ba sa faɗuwa ta gaba. Ta fuskar faɗa shi ne gwani, ba musu. Sai dai tun da ka san in asirinka ya tonu za ka iya share ɗakin da bindiga, wannan fargabar ta Chaos Theory ba ta zuwa. Sauya muryar Sam zuwa ta Eric Johnson ma ta rage masa kwarjini a kunnena.

Mai son Blacklist ya ɗanɗana masa tsohon salo, ya sa shi a matakin Perfectionist, inda aka hana Execute, tabarau na musamman da Sam ke sawa kuma ba ya gani ta bango. Sannan ya shiga ayyukan da Grim, abokiyar aikin Sam, ke bayarwa, waɗanda da an gan ka an gama, sai ka faro daga farko.