Geji mai allura ko mai batir: wanne za a ɗaura a kan injin zuƙe iska?

Ɗan'uwanmu na Ringim ya yi tambaya a zauren nan. Yana gyaran firiza da ɗakin sanyi mai aiki da sola a ƙauyuka, ya sayi injin zuƙe iska, yana so ya san ko shuɗin gejinsa mai allura ya wadatar, ko sai ya ƙara da mai batir, wato mai nuna lamba a allo don auna ragowar iska, kuma a ina zai ɗaura kowanne ba tare da haɗari ba. Ya ce allurarsa ba ta taɓa kaiwa 30 ba.

Ƙanena, game da allurar nan kwantar da hankalinka, lafiyarta ƙalau. Gejin allura lanƙwasasshen bututu ne a cikinsa, fasahar da Eugène Bourdon na Faransa ya yi wa rajista a 1849, kuma da nauyin iskar waje yake kwatanta abin da ke cikin layi, wato bututun gas na firiza. A bakin teku nauyin iskar inci 29.92 ne a ma'aunin merkuri, shi ya sa aka rubuta 30 a fuskarsa. Mu kuwa a ƙasar Kano da Jigawa muna sama da teku da wajen mita 400, iskarmu ba ta kai ta Legas nauyi ba. Ko ka zuƙe layi tas, wajen 28 allura za ta tsaya.

To amma a nan gazawarsa take. Inci ɗaya maikiron 25,400 ne, masu sana'ar kuma suna so layi ya sauka zuwa maikiron 500 kafin a zuba gas. Ka ga duk aikin da ya fi muhimmanci yana cikin tazarar da ba ta wuce kaurin allurar kanta ba. Kamar auna zinare ne da sikelin buhun masara na Dawanau. Mai batir shi daga sifili na ainihi yake lissafi, babu ruwansa da tudu ko kwari: zai nuna maka 5,000, ya sauko 1,200, ya sauko 480, kana gani da idonka. Me ya sa ake damuwa? Damshi. Ɗigon ruwa kaɗan ya isa ya daskare a bakin siririn bututun da gas ke bi a cikin firiza ya toshe shi, ya kuma gurɓata man kwamfiresa. Mai firiza ya dawo bayan sati biyu ƙanƙararsa ta narke, sunanka ne ya ɓaci.

Wajen juriya kuwa mai allura ne gwani. Ba ya son batir, ƙurar hunturu ba ta dame shi, yana jure tafiya a bayan babur, kuma yana auna matsin gas, abin da mai batir ba a yi shi domin sa ba. Mai batir ɗan lele ne: in man inji ya shiga bakinsa, sai ya fara ƙarya.

Saboda haka ɗaurinsu ya bambanta. Mai batir ka sa shi nesa da injin zuƙe iska, kusa da firizar, domin a bakin inji lambar kullum kyakkyawa ce, ko da layi bai bushe ba. Ka tsayar da shi kansa sama don kada mai ya gangara ciki, ka sa bawul tsakaninsa da layi. Bawul ɗin nan ka rufe shi kafin ka hura naitirojin don gwada yoyo, ka rufe shi kafin ka buɗe tukunyar gas. In bakinsa ya yi mai, ɗan sifirit mai tsabta, ka girgiza, ka zubar, ka bar shi ya bushe. Mahaɗin tiyo mai roba a ciki da hannu ake ɗaure shi. Filaya tana tsaga robar, tef kuma ba wurinsa ba ne. Gejin da ya fara daga sifili, irin na famfon ruwa, kada ka sa shi a layin zuƙa, allura za ta danne ƙusar tsayawa ta karkace.

Abu uku nake roƙonka da girman Allah. Kada ka ari tukunyar oksijin ta mai walda don gwada yoyo, oksijin da mai in sun haɗu cikin matsi fashewa suke yi. Naitirojin kawai, shi ma da na'urar rage matsi a kan tukunya. Firizar da aka rubuta wa R600a ko R290 gas ɗinta yana kama wuta, ka yi aikin a fili, janareta da murhu su yi nisa. Sannan kada ka kunna kwamfiresa layi yana zuƙe, wayoyin motarsa na iya ƙonewa.

In lamba ta kai 500, rufe bawul ɗin da ke tsakanin injin zuƙe iska da layi, ka jira minti 10 zuwa 15. In ta hau kaɗan ta tsaya, damshi ne, ci gaba da zuƙa. In ta yi ta hawa ba tsayawa, akwai yoyo, koma kan waldarka. Wannan gwajin, geji mai allura ba zai iya yi maka shi ba, sai dai ya nuna babban yoyo. Ni a ganina ka riƙe shuɗin gejinka don zuba gas, kuɗin aikin ɗakin sanyi na farko da ya shigo ka sayi mai batir da shi, ka haɗa da bawul ɗinsa.