Makarantar kuɗin da ke tallar manhajar Ingila a Katsina, ga abin da na gani

Masu ta tambayata a kan makarantar nan ta wajen GRA da ɗiyata ke zuwa, wai manhajar Cambridge ɗin gaske ce ko a allon bakin get kawai ta tsaya, to ga ra'ayina, sunan makarantar dai zan bar shi.

Koyarwa ba laifi wallahi, kuma abin da ya fi burge ni yadda suke tambaya a jarrabawa. Mu a zamaninmu sai dai a ce kawo ma'anar kaza, lissafo abu biyar, ka haddace ka juye ka tashi abinka. Ita kuwa takardar kimiyyar da ɗiyata ta kawo gida, an zana kofi biyu na ruwan zafi, ɗaya an naɗe shi da auduga ɗaya ba komai, ga lambobin zafin kowanne bayan minti goma, aka ce ta bayyana dalilin bambancin sannan ta faɗi abin da za a gyara a gwajin. Nan hadda ba ta fisshe ka. Gefen kowace tambaya kuma an rubuta makinta, yaro ya san iya bayanin da ake nema.

Inda na yi fushi shi ne kuɗin IGCSE, wato jarrabawar Cambridge ta kammala sakandare, ashe ba ya cikin kuɗin makaranta, daban ake biya darasi-darasi, kuma sai da shekara ta yi nisa suka faɗa mana cewa ba a nan yaran za su zauna ta ba, sai an kai su Abuja, mota da masauki duk a wuyanka. Sakamakon kuma A* zuwa G ne, ba A1 zuwa F9 da muka sani ba.

Sannan in Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko ta Dutsin-Ma kake hari, JAMB na nan tana jiranka da kiredit biyar har da Turanci da lissafi, shi ya sa ana shiga SS3 suke komawa manhajar WAEC da NECO a guje, yara na ta lesin har Asabar. Hausa da darasin addini kuwa ɗan lokaci kaɗan ake ba su, wannan ya dame ni gaskiya.

In waje za ka tura yaro kuma aljihu na da nauyi, ta yi. In ba haka ba, kafin ka biya ko sisi ka ce su nuna maka sakamakon IGCSE na ɗaliban bara.