Rigar sanyi ta ulu da siliki: abin da na gani bayan hunturu guda

A farkon watan Disamba na sayi wata rigar ciki mai dogon hannu, wadda aka saƙa da ulun tumakin Merino kashi 70 da siliki kashi 30, kuma na yi ta sanya ta a ƙarƙashin kaftani har sanyi ya ja baya a ƙarshen Fabrairu.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda take tafiya da sauyin yanayi na rana guda. Duk wanda ya san hunturu ya san cewa sanyin asuba kan shiga har ƙashi, amma kafin azahar rana ta buɗe, mai suwaitar roba ya fara jiƙewa da gumi yana neman inda zai tuɓe. Wannan rigar ba ta sa ni cikin wannan halin ba, domin zaren ulu a lanƙwashe yake, yana riƙe iska mai ɗumi a tsakaninsa, sannan yana iya shan danshi kusan kashi 30 na nauyinsa ba tare da an ji shi a jiƙe ba. Haka kuma tartsatsin nan da kayan roba ke yi a jiki idan iska ta bushe ya ragu ƙwarai.

Amfanin siliki a fata ake jin sa. Ƙaiƙayin da mutane ke ƙin ulu saboda shi daga kaurin zare yake zuwa, kuma tun da zaren Merino siriri ne, na siliki kuma ya fi shi sulɓi, ban ji susa ko sau ɗaya ba, ko da a ranakun da fata ta yi fari fat don bushewa.

Sai dai ba ta tare iska. Wanda zai hau babur da sassafe dole ya ɗora wata a kai. Wankinta ma yana son haƙuri: ruwan sanyi, sabulu mai laushi, ba murza, ba shanya a tsakar rana, saboda ruwan zafi na tsuke ulu, rana kuma na raunana siliki. Idan za a adana ta, a kula da asu, don yana cin ulu da siliki duka.

Kuɗinta ya ninka na suwaitar gwanjo sau da yawa, don haka na fi ba da shawararta ga mai fita tun asuba ya wuni a waje.