Kafin ka sayi kwamfutar giya, ga abin da ya kamata kuɗinka su fara saya

Mota mai giya otomatik tana da kwamfutar da ke yanke lokacin da giya za ta shiga, wadda makanikai ke kira TCM. Wuta biyu ke zuwa mata. Ɗaya sai an murɗa makulli, ɗayar kuwa daga batir take zuwa kai tsaye ta cikin fis, ba dare ba rana, ko mota na kashe. Wannan ta biyun ita ce wutar ajiya, da ita kwamfutar ke riƙe abin da ta koya da lambobin matsalar da ta adana. In ta yanke, a motoci da yawa kwamfutar takan wayi gari kamar ba ta san giyar ba, sai ka ji giya na shiga da duka. In kuma babbar wutar, wato ta makulli, ce ta yi rauni, mota kan maƙale a giya ɗaya, galibi ta uku.

Haka tawa ta yi mini a hanyar Illela cikin zafin Afrilu. Wanda na fara kai wa ko bonet bai ɗaga ba ya ce kwamfuta ta ƙone, in kawo kuɗin 'yar Baljiyam. Abin ya tsaya mini a rai har yau, domin da na biye masa da na yi asarar banza.

Zaɓi mafi araha shi ne ƙaramar na'urar nan ELM327 da ake cusawa a soket mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, ta haɗu da wayarka ta Bluetooth. Duk motar da aka sayar a Amurka tun 1996 tana da soket ɗin. Amma mafi yawan lokuta kwamfutar inji kawai take jin yarenta. Za ta nuna maka P0700, wanda ma'anarsa kawai kwamfutar giya na da ƙorafi, ba za ta faɗi mene ne ba. Ka saye ta don fitilar gargaɗin inji da ke kamawa a gaban direba, ban da wannan aiki.

Manyan na'urori irin Launch da Autel su ne ke shiga cikin kwamfutar giyar kanta. Nan za ka ga P0882, wutar da ke shiga ta yi ƙasa, ko P0883 ta yi yawa, ko P0884 tana zuwa tana ɗaukewa. A Nissan masu giyar CVT, wato otomatik marar matakai, akwai P1701, kuma wannan kan fito ko da batir kawai aka cire aka mayar, don haka a goge shi a ga ko zai dawo kafin a tayar da hankali. Ga mai gareji, na'urar jari ce. Ga mai mota ɗaya, sayenta ɓarna ce. Ka biya a duba maka sau ɗaya, ka ɗauki hoton lambobin da wayarka kafin a goge.

Inda na fi son mutum ya sa kuɗinsa shi ne mitar auna wuta da fitilar gwaji, ko wurin mai wayarin da ya iya aiki da su. Lamba dai hanya take nunawa, ba ta cewa kwamfuta ta mutu. Batir mai cikakken caji yana ba da wajen bolt 12.6 a kashe, in inji na aiki kuma tsakanin 13.5 da 14.5. Zafin Sakkwato na cin batir da wuri, ga kan batir da ke yin farin gari, don haka daga nan ake farawa. Sai fis, sai ramin wutar ajiya a soket ɗin kwamfutar, makulli a kashe. Mita kaɗai tana iya yaudararka: waya da ta rube saura sili ɗaya za ta nuna 12 cif, amma da an ɗora mata fitila sai haske ya dushe. Fitilar kuwa kan wayar wuta kawai ake sa ta, kada a soka ta a wayoyin saƙo.

Dattijon da ya gano tawa ya durƙusa ya zare wani fis mai lamba 10, ya ɗaga shi a rana. Bai ƙone ba, amma ƙafafunsa sun yi kore, ramin kuma ya saki. Ya ce, "Alhaji, wagga kwamfuta lahiya lau take, abinci na ba ya kai mata." Ya goge, ya matse ramin, ya sa sabo.

In wuta da wayar as, wato wadda ke haɗe da ƙarfen jikin mota, duk sun tabbata lafiya, lambar kuma ta ƙi tafiya, to a nan ne ake maganar sayen kwamfuta. Sabuwa tsada gare ta, sau da yawa sai an yi odarta. Ta hannu ta fi sauƙi, da sharaɗin lambar jikinta ta dace da taka harafi da harafi, kuma ku yi magana da mai shago a gaban shaida cewa zai karɓa in ba ta yi ba. Wasu sai an yi musu saiti da na'ura bayan ɗaurawa, ka tambayi kuɗin wannan tun kafin ciniki. Ka kuma bincika ko motarka na da ta daban ma, domin a Toyota da Honda da yawa kwamfutar inji ce ke riƙe da giyar.