Wuni guda a Sigmaringen, garin da fadarsa ke kan dutse a bakin kogin Danub

Kawuna ya zo Jamus daga Maraɗi don a yi masa aikin ido. Aka yi lafiya, aka cire bandeji, ya rage masa mako guda kafin ya koma gida. Ranar Juma'a da dare muna shan shayi ya ce da ni, "Ɗana, tunda Allah ya buɗe idon nan, ka kai ni in ga wani abu da shi wanda ba asibiti ba, ba kanti ba." Na kwana ina tunanin inda zan kai dattijon da ya haura shekara 70, wanda ba ya son hayaniya amma yana son tarihi kamar me. Daga ƙarshe na tsayar da shawara a kan Sigmaringen, wani ƙaramin gari mai mutum wajen 17,000 a jihar Baden-Württemberg, kudu maso yammacin Jamus. Mun je, mun dawo, kuma tun daga farko zan faɗa: wurin ya cancanci kuɗin da muka kashe da gajiyar da muka sha.

Daga Stuttgart muka hau jirgin ƙasa da sassafe ranar Asabar, muka bi ta Tübingen, tafiyar kamar awa biyu da 'yan mintuna. Ni ina da tikitin wata-wata da ake kira Deutschlandticket, wanda ke aiki a duk ƙananan jirage da bas-bas na ƙasar, shi kuma Kawu na yanka masa na yini. A nan akwai abin da ya kamata mai niyyar zuwa ya sani, domin mutane da yawa suna ruɗewa. Daf da garin Hechingen, idan ka leƙa ta taga, za ka hango wata ƙatuwar fada a kan tsauni, tsololuwarta na neman taɓa gajimare. Sunanta Burg Hohenzollern, can ne asalin zuriyar Hohenzollern baki ɗaya, wato masu fadar Sigmaringen, kuma babu kogi a gindinta. Kawu yana ganinta ya fara tattara jakarsa. Na ce, "Kawu, ba mu iso ba tukuna. Wannan gidan kakanni ne, mu gidan ɗaya daga cikin jikoki za mu."

Daga tashar Sigmaringen zuwa gindin fadar tafiyar minti goma ce a ƙafa, ta gefen wani lambu mai manyan itatuwa. Amma kada ka yi gaggawar shiga. Ka fara tsallaka gada zuwa ɗaya gaɓar kogin, ka juyo ka dube ta daga can. Dutsen farar ƙasa ne ya taso tsaye daga bakin ruwa, tsayinsa kamar mita 35, ginin kuma ya hau kansa ya bi tsawonsa, har ba ka iya tantance inda dutse ya ƙare da inda aikin magina ya fara. Safiyar ranar babu iska, ruwan a kwance yake, sai ga fadar ta zama biyu, ɗaya a sama ɗaya a kife cikin kogi, agwagi suna ratsa ta tsakiyar hasumiyarta. Kawu ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya daɗe bai ce uffan ba, daga nan ya ce, "Tabarakallah."

Kogin kansa ya ba shi mamaki ta wata fuskar. Ya san Danub tun yana lakwal, kogin da ke ratsa ƙasashe 10, ya yi tafiyar kilomita wajen 2,850 kafin ya zuba a Bahar Aswad. A nan kuwa bai yi nisa da mafarinsa ba, don haka siriri ne, mai ƙarfin hannu zai jefa dutse ya tsallake. Kawu ya ce gulbin Maraɗi idan ya kawo da damina ya fi shi faɗi. Masu ƙananan kwalekwale suna ta wucewa, ga masu kekuna a kan hanyar da aka shimfiɗa musu a gefen ruwan.

Hawa zuwa ƙofar fadar shi ne wurin da zan ja kunnen duk mai tafiya da tsoho. Hanyar ta duwatsu ce da aka jera tun zamanin da, ga tudu, a ciki kuma ga matakala hawa-hawa. Sau biyu muka tsaya Kawu ya huta. Ya zo da takalmin fata mai santsi, da na lura tun a gida da na ba shi kambas. Wanda gwiwa ke damunsa ya tambaya tun kafin ya taso yadda za a taimaka masa.

Mun shiga cikin ayarin da jagora ke zagayawa da shi, kamar awa guda. Da Jamusanci aka yi bayanin, domin ban bincika lokutan wasu harsuna ba kafin mu taso, sai na zama tafinta, ina raɗa wa Kawu a kunne. Wannan ya sa na saurara da kyau fiye da yadda na saba.

An fara ambaton wurin a rubuce a shekarar 1077, lokacin yana ganuwar yaƙi. Har yau ana ganin manyan tubalan dutse na ƙarni na 12 a gindin hasumiyar. Zuriyar Hohenzollern ta karɓe shi a 1535, kuma yana hannunta har gobe. Gidan nan reshe biyu ne. Reshen da ya yi arewa shi ya haifi sarakunan Furusiya, babbar masarautar arewacin Jamus, daga baya sarakunan Jamus baki ɗaya daga 1871 zuwa 1918. Reshen da ya zauna a kudu, 'yan Katolika, su ne na Sigmaringen. Ƙasarsu 'yar mitsitsiya ce, amma ba ta ɓace ba a 1806 lokacin da Napoleon ya haɗiye ƙananan masarautun Jamus da dama ya ba manya. Dalili kuwa mace ce: gimbiya Amalie Zephyrine, matar sarkin lokacin, ta daɗe a Paris kuma aminiyar Josephine ce, matar Napoleon. Zumuncin mata biyu ya tsare ƙasa guda. Bayan boren da ya girgiza Turai a 1848, sarki Karl Anton ya miƙa mulki ga danginsa na Furusiya a ƙarshen 1849, ya riƙe gidansa da dazuzzukansa da dukiyarsa.

Abin da ya fi kama ni shi ne abin da ya biyo bayan sauka daga mulkin. Mutum zai ɗauka daga nan gidan zai dushe. Sai ga 'ya'yan Karl Anton sun bazu a gadajen sarautar Turai. 'Yarsa Stephanie ta zama sarauniyar Fotugal a 1858, ta rasu shekara guda bayan haka tana ƙuruciya. Ɗansa Karl, haifaffen garin nan, aka kira shi ya mulki Romaniya a 1866, ya zama sarki Carol na ɗaya a 1881, ya zauna a kan gado har rasuwarsa a 1914. Babban ɗan, Leopold, aka yi masa tayin sarautar Sifaniya a 1870. Faransa ta ce ba za ta yarda Hohenzollern su sa ta a tsakiya ba, gabas da kudu. Leopold ya janye, amma rigimar ta riga ta kama wuta, ta zama yaƙin Faransa da Furusiya, wanda a ƙarshensa aka kafa daular Jamus. Duk wannan daga gida ɗaya a garin da za ka zagaye tsakiyarsa cikin rabin awa. A zauren da aka jera hotunan kakanni, jagorar tana nuna fuska bayan fuska tana faɗin wa ya haifi wa, wa ya auri wa, Kawu yana gyaɗa kai. Ya ce, "Wannan ai aikin maroƙan fada take yi, ganga kawai ta rasa."

A jikin tambarin gidan akwai kalmomi uku na Latin: Nihil sine Deo. Na tambayi ma'anarsu, aka ce, babu abin da ke yiwuwa sai da Allah. Da na fassara wa Kawu sai ya sa na rubuta masa su a bayan tikitinsa.

Dakunan suna da kyau, ba shakka: rufi mai zane, fitilu masu ƙyalli, doguwar barandar da ake kira ta Fotugal saboda Antonia, gimbiyar Fotugal da Leopold ya aura. Da yawa daga abin da ido ke gani bai kai tsufan da mutum zai zata ba, domin gobara ta cinye wani babban sashe a 1893, aka sake gina shi a shekarun da suka biyo. Akwai kuma zauren da aka cika bangonsa da ƙahonin namun dajin da sarakunan suka harbo, kowanne da alamarsa. Ni dai wannan bai burge ni ba, yawansa ya sa na ji wani iri, na ƙosa mu wuce.

Ɗakin makamai ne ya riƙe mu. Kaya wajen 3,000 ne a ciki, yana cikin manyan tarin makamai da ke hannun iyali guda a Turai: takubba, māsu, garkuwoyi, kwalkwali, tsofaffin bindigogi masu ado a ƙota, da rigunan ƙarfe tsaye reras kamar mutane na ciki. Kawu ya tsaya gaban wani sulke, ya kusanto da fuskarsa har numfashinsa na taɓa gilashi. Zobba ne ƙanana, kowanne an ratsa shi cikin huɗu, an ɗaure bakinsa da ƙusar da ba ta kai ƙwayar gero ba. Ya ce irin wannan saƙar ya gani a jikin mahaya ranar hawan salla yana yaro, kuma bara war haka da ba zai iya ganin zoben ba, balle ƙusar. A nan na san tafiyar ta biya.

Sai kuma labarin da ban yi tsammanin zai shafe shi ba. A watan Satumba na 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan sojojin ƙawance sun kutsa Faransa, Jamusawa suka kwaso gwamnatin Faransa mai zama a garin Vichy, wadda ta yi musu aiki, suka zuba ta a wannan fada. Aka fitar da masu gidan aka kai su wani wuri. Shugabanninta, Marshal Pétain da Pierre Laval, da muƙarrabansu suka zauna a nan har watan Afrilu na 1945, wasu daga cikin muƙarraban suna kiran kansu gwamnatin Faransa alhali ba su da ko taƙi guda na ƙasarta. Da na ambaci sunan Pétain sai Kawu ya riƙe hannuna. Ya ce Nijar ta zauna ƙarƙashin mutanen Vichy har ƙarshen 1942, yayin da Cadi ta bi Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, tun 1940, kuma mahaifinsa ya sha ba su labarin wuyar shekarun nan, aikin dole da ƙwacen hatsi da dabbobi. Ya dubi matakalar da muke kai, ya ce, "Ashe nan ya ƙare." Bai ƙara komai ba, ni ma ban tambaya ba.

Gidan ba kango ba ne da gwamnati ta gāda ta sa masa maigadi. Iyalin ne ke riƙe da shi, ofisoshin harkokinsu na cikin wani sashe, kuma kana jin haka a yadda ake kula da komai, daga katakon daɓe har labule. Masana'antar ƙarfen da kakansu ya kafa a kusa da garin a 1708 tana aiki har yanzu. Mulki ya tafi shekara fiye da 170, amma ba a bar rufi ya yi yoyo ba, ba a bar takardu ga gara ba, kuma duk wanda ya biya kuɗin shiga, ɗan sarki ne ko ɗan talaka, zai taka inda sarakuna suka taka. Wannan ne ya sa nake ganin kuɗin tikitin halal ne a gare su.

Batun abinci, Musulmi ya buɗe baki ya yi tambaya. Abincin yankin da aka fi tallatawa, Maultaschen, wani ƙullin fulawa ne da ake cusa wa niƙaƙƙen nama, galibi da naman alade a ciki. Mu mun ci Käsespätzle, taliyar ƙwai da cuku da soyayyar albasa, bayan na tabbatar ba a barbaɗa mata naman alade ba. Tana da nauyi, kwano guda ya ishe mu biyu da ɗan ƙari. Kek ɗin nan mai ceri da ake kira na Baƙin Daji ana zuba masa barasa, a kiyaye. Akwai masu sayar da döner, gasasshen nama a cikin burodi irin na Turkawa, a gari ga wanda yake son nama. Wani shagon shayi da muka shiga bai karɓi kati ba, sai tsabar kuɗi, don haka a riƙe 'yan Yuro a aljihu. Ranar Lahadi kuma kantuna a rufe suke kamar ko'ina a Jamus, shi ya sa na zaɓi Asabar.

Azahar da La'asar mun haɗa su, muka yi ƙasaru a kan ciyawa a bakin kogi, nesa kaɗan da hanyar masu keke. Babu wanda ya dame mu.

Na so mu ƙarasa Inzigkofen, 'yan kilomitoci a sama da garin, inda gimbiya Amalie ta sa aka yi lambu a tsakanin duwatsun bakin kogi, amma ƙafar Kawu ta ce ya isa. Mai ƙarfi a jika ya kwana ɗaya a garin, washegari ya bi kwarin Danub har Beuron, inda kogin ke ratsa tsakanin dogayen duwatsu farare. Mu dai muka koma gaɓar da muka fara tsayawa da safe. Rana ta karkata, dutsen ya koma ruwan zuma. Kawu ya gyara hularsa ya ce in ɗauke shi hoto, fadar ta fito gaba ɗaya a bayansa, kada in yanke hasumiyar, domin akwai waɗanda zai nuna wa a Maraɗi. Sau huɗu na ɗauka kafin ya duba da kansa ya ce wannan ya yi.