Gargaɗi ga masu jan tirela da a-kori-kura

Jama'a, duk mai a-kori-kura da ke jan tirela ya buɗe kunne. Akwai wani mai talla a intanet da ke sayar da jakunkunan iska, irin waɗanda ake ɗaurawa tsakanin shasi da aksil ɗin baya, yana rantsuwa wai da zarar ka saka su motarka za ta ja ninki biyu na abin da ta saba. Ni na faɗa hannunsa, shi ya sa nake magana.

Matsalata ba baƙuwa ba ce. Ina ɗaura tirela sai bayan motar ya durƙusa, hancinta ya ɗaga, fitila ta koma haska rassan bishiya. Da na ga bidiyonsa, mota ta miƙe cak cikin minti ɗaya, ban tsaya dogon tunani ba na tura kuɗi.

Tun daga kwalin ya kamata jikina ya ba ni. Babu takardar bayani ko ɗaya. Tambarin kamfanin da ke jikin jakar sitika ce, da farce na ɓare ta. Bakanikena ya ɗauki ƙarfen ɗaurin ya jujjuya, ya ce, "Maigida, wannan ai kwanon rufi ne." Babu garkuwar da ke kare roba daga zafin salansa, kuma tiyo ɗaya ne mai reshe biyu ya haɗa jakar hagu da ta dama, wanda ke nufin idan mota ta sha kwana iska za ta gudu daga ɓangaren da nauyi ya danne ta koma ɗaya ɓangaren. Duk da haka na ce a ɗaura, tunda kuɗi sun riga sun fita.

Motar kuwa ta miƙe, gwanin sha'awa. Nan ne yaudarar take. Ido ya ga mota a tsaye daidai, sai zuciya ta ce a ƙara lodi, na kuwa ƙara. A wata gangara na taka birki na ji tirelar tana turo ni, sitiyari ya yi sako-sako a hannuna, ga ƙaurin birki. Allah ne ya tsare. Da muka watsa ruwan sabulu a jikin jakar da ke kusa da salansa, sai ga kumfa na tashi.

Ko jakar gangariya ce, aikinta ta ɗaga bayan mota ta taimaka wa sifirin, shi ke nan. Birki bai canja ba, taya da aksil da giya suna nan yadda suke. Iyakar nauyin da motarka za ta ɗauka yana rubuce a sitikar da ke jikin ginshiƙin ƙofar direba, iyakar wanda za ta ja kuma yana littafin motar, kuma masu ƙera jakunkunan na gaskiya da kansu suke rubuta cewa kada a wuce shi. Su ne ma ke gaya maka adadin iskar, galibi a ma'aunin matsin iska kada ta gaza psi 5, kada ta haura psi 100. Nauyin da bakin tirela ke dora wa maɗaurin mota ana so ya tsaya tsakanin kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin tirelar. Mayar da nauyi kan tayoyin gaba kuwa aikin maɗauri mai rarraba nauyi ne, jaka ba ta yin sa.

Da na kai wa mai tallan ƙorafi sai ya ce akwai garanti, in turo kuɗin aike zai sauya min. Na ce ya fara nuna min hoton sabuwar da lambar ƙirarta. Kafin gari ya waye ya toshe ni. Kwanan nan na sake cin karo da bidiyon nan dai, motar ce, muryar ce, sunan shafin kawai aka canja.